Sirrin kiɗan fiyano: Wa ke buga kalangun?

MAI karatu, kalangun nan da kake ji a waƙoƙin finafinanmu, sau da yawa babu makaɗin da ya rataya shi. Aikin fiyano ne!

Sirrin shi ne MIDI, yaren da na'urorin kiɗa ke magana da juna da shi tun 1983. Ba sauti yake ɗauka ba, umarni ne zalla: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi. Kwamfuta ta adana saƙon, sai mai kiɗa ya ɗora masa amon sarewa ko na ganga. Waya ɗaya tana ɗaukar layi 16, kowanne da kayan kiɗansa.

Shi ya sa mutum ɗaya a situdiyo ke yin aikin tawaga guda. To, makaɗan gargajiya fa, ina za su ci abinci?