Abin da ke faruwa cikin kwamfuta kafin sunanka ya fito

Duk wanda ya taɓa tsayuwa layi a wurin karɓar kuɗin aike ko neman takardar haihuwa a Tasawa ko Mayahi ya san kalmar nan: "babu rezo". Sau da yawa gaskiya ce. Amma wani lokaci rezo lafiya lau yake, jinkirin daga rumbun bayanai ne, wato babban kundin da kwamfuta ke ajiye sunaye.

Idan ma'aikaci ya buga tambaya, akwai sashen da ke tsara hanyar neman amsa, kamar ɗan kabu-kabu da ke zaɓen hanya. Yana da zaɓi biyu: ya duba fihirisa ya tafi kai tsaye ga shafin da ake so, ko ya karance kundin daga farko har ƙarshe. In ana neman mutanen wani ƙaramin ƙauye na Issawan, fihirisa ta fi sauri. In kuwa kundin gundumar Tasawa ne, ana son duk mazauna birnin, karance shi gaba ɗaya ya fi tsalle-tsalle tsakanin dubban shafuka.

A tambaya ta yau da kullum, mai tsara hanya yana ganin sunan garin kafin ya yanke shawara, sai dai kowane karo sai ya sake lissafi. Tambayar da aka shirya tun da farko kuwa kamar takarda ce mai gurbi: an tsara ta sau ɗaya, sai a riƙa cika suna. Tana rage aiki, tana kuma hana ɓata-gari cusa umarnin ɓarna cikin gurbin. Matsalarta, hanyar da aka ajiye ba ta san ko birni za a tambaya ko ƙauye ba.

Manhajar PostgreSQL, wadda ta samo asali a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1986, tana bin tsaka-tsaki. Karo biyar na farko tana tsara hanya bisa sunan da aka ba ta. Daga nan sai ta auna: in hanyar bai-ɗaya ba ta fi tsada ba, ita za ta riƙe. Shi ya sa aiki kan yi sauri da farko, a karo na shida ya fara jan ƙafa.

Tun fitowa ta 12, a 2019, mai kula da rumbun yana iya tilasta mata sabon lissafi kowane karo. Gyaran layi guda ne, amma sai ofis yana da ma'aikacin da ya san inda zai duba.