Matakin farko wajen sarrafa amsoshin bincike da manhajar R

Manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a jami'ar Auckland, ta kai sigarta ta 1.0 a shekara ta 2000. Kyauta ce, shi ya sa muke ba ɗalibai shawarar su fara da ita. Sai dai a ganinmu, tsara bayanai ne aikin farko, lissafi daga baya yake zuwa.

Mu ɗauki misalin bincike a kan furucin «fari» da «hwari» tsakanin Damagaram da Tawa. Kowane mai amsa layi guda gare shi a cikin jadawali, kowace tambaya kuma gurbi guda: gari, shekaru, jinsi, furuci.

Abubuwa biyu ke ɓata sakamako. Na farko, haruffa masu lanƙwasa: in ba a adana jadawalin da tsarin UTF-8 ba, suna iya lalacewa, har «ƙafa» da «kafa» su rikice. Na biyu, rashin amsa: in an rubuta 99 ga wanda bai faɗi shekarunsa ba, R za ta ɗauke shi tsoho, matsakaicin shekaru ya hau. Alamar NA ya kamata a sa.

Bayan haka ne umurnin table() zai ƙirga furucin kowane gari, chisq.test() kuma ya auna ko bambancin ya wuce dace kawai. A rubuta kowane umurni a ajiye, don wani mai bincike ya iya maimaita aikin ya tabbatar.