Idan Ruwan Tabki Ya Koma Kore

Da bazara ta kama, tabkunan da damina ta bari a karkarar Mallawa da sauran yankunan Magarya da Dungas sukan janye, ruwan ya koma kore shar. Makiyayi ya ce ai gansakuka ce, ya kora shanu su sha. To jama'a, akwai irin gansakukar da ke fitar da dafi mai lalata hanta, kuma ko an tafasa ruwan dafin ba ya mutuwa. A shekarar 2020 gwamnatin Botswana ta ce irinta ce ta hallaka giwaye sama da 300.

Kashin dabbobi da takin zamani da ruwa ke kwasowa daga gonaki su ne abincinta, zafin rana kuma ya ƙara mata ƙarfi.

Masana a ƙasashen Sin da Japan sun tatso ruwan ciyawar teku, kamar wadda ake kira Ulva, suka ga yana hana wasu ire-iren gansakuka yaɗuwa, amma galibi a ɗakin bincike. Mu kam teku ya yi mana nisa. Garin ƙwayar zogale yana kwantar da dauɗar ruwa, sai dai kada a dogara da shi wajen kawar da dafin. Idan tabki ya fara kumfa kore yana wari, a juya garke zuwa rijiya.