Tsatsar a-kori-kura: Fenti kaɗai ba ya maganinta

Ƙarfe na yin tsatsa ne idan ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuwa yana ƙara mata sauri. Shi ya sa a-kori-kurar da ke dakon gishiri ko takin zamani, Hilux ce ko tsohuwar Peugeot 504, bayanta ke riga ko'ina ruɓewa.

Gyaran ganin ido, wato shafa fenti a kan tsatsar, asarar kuɗi ne kawai. Tsatsar za ta ci gaba da cin ƙarfen a ɓoye, har fentin ya kumbura ya ɓare. Sai an kankare wurin da burushin ƙarfe har lafiyayyen ƙarfe ya bayyana, a shafa jan fentin kariya, sannan na ado ya biyo baya. Inda ya riga ya huje, mai walda ne zai yanke ya sa sabon falle. Idan kuwa shasi ne ya ciwu, ɗora wa motar kaya kasada ce da rayuka.

Da damina, wajibi ne a riƙa wanke taɓon da ke maƙalewa a ƙarƙashin motar, domin shi ke riƙe laima, a kuma buɗe ƙananan ramukan tsiyayar ruwa da ke gindin ƙofofi.