Gyaran babur a gida: abin da matasan Kankia da Kusada ya kamata su sani

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin riƙe babur ya ƙaru, kayan gyara kuma suka yi tsada bayan faɗuwar darajar naira. Ga ɗan acaɓa ko manomin da ke zirga-zirga tsakanin Kankia da Kusada, kowace zuwa wurin bakanike ragi ce a kuɗin cefane.

Akwai gyaran da mai Bajaj Boxer ko Jincheng zai iya yi da kansa. A juye baƙin mai inji na da ɗumi, domin dattin ya fita tare da shi. A wanke matatar iska akai-akai lokacin hunturu, saboda idan ƙura ta toshe ta, babur ya fi shan fetur. Fulogin da ya yi baƙi alama ce ta hakan. Sarƙa kuwa a bar mata sassauci na kimanin santimita biyu zuwa uku, a shafa mata mai.

Buɗe inji da gyaran kabireta aikin gwani ne. Huda salansa kuma ƙara kawai yake jawowa.

Sai batun doka. A 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi saboda matsalar 'yan bindiga. Don haka duk wanda ya sauya inji ya adana rasidinsa, kada kuma ya taɓa lambar inji ko ta jikin babur, domin su ne shaidarsa a shingen jami'an tsaro.