Ba Bado Ne Ya Toshe Kogin Haɗeja Ba

Duk shekarar da ambaliya ta ci gonaki a Auyo, Kirikasamma ko Guri, sai zancen "ciyawar ruwa" ya taso. A yi ta kiran gwamnati ta turo injuna, wasu ma su ce a yi feshin magani kowa ya huta. Abin haushin shi ne kuɗin goron da ake yi wa tsirran, a haɗa bado da kachala a laifi ɗaya.

Kachala ce ta toshe hanyoyin ruwa, kuma ba da ƙarfinta ta samu wuri ba. Kafin madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, da damina kogin ke cika, da rani ya janye, fadama ta bushe ƙayau. Yanzu ana sakin ruwa har da rani, ga shi ba zurfi, ga laka na kwanciya. Abin nema ya samu. Kachala ta fi mutum tsawo, saiwarta ta saƙe ƙasa, ruwa ya rasa hanya ya fantsama gonaki, tsuntsun jan baki kuma ya samu makwanci dab da shinkafa.

Bado fa? Da yawa sun ɗauka yawo yake a saman ruwa irin na kainuwa. A'a. Tushensa na binne cikin laka, ganyen ne kawai ke shimfiɗe a sama, ɗaure da doguwar jijiya mai laushi, kamar akuyar da aka ɗaure da igiya a turke: ta kewaya, amma ba ta barin wurin. Ruwa na bi ta tsakanin jijiyoyin ya wuce abinsa. Farin furensa da dare yake buɗewa, hantsi na yi ya rufe, kuma a ƙarƙashin ruwa ɗansa ke nuna. A fasa shi, ƙananan ƙwayoyi ne cunkus, waɗanda ake shanyawa a niƙa. Su da tushen sun rufa wa gidaje asiri a shekarun fari. Agwagin daji na dausayin Baturiya ma suna ci, ƙananan kifaye na fakewa a inuwarsa. Inda kachala ta yi duhu kuwa, bado ba ya samun rana, sai ya ɓace. Feshin da ba ya tantancewa zai gama da shi ne, kachalar ta sake tohowa muddin ba a gyara yadda ake sakin ruwa ba, kuma wannan ba a cika jin jami'ai suna tattauna shi ba.

Mai son ya shuka bado a gida, rabin duro ya isa. A sa lakar fadama mai danƙo, ban da ɗanyen taki, don yana ruɓar da ruwa. A binne tushen, a bar kan tsiron a waje, a cika duron da ruwa, a ajiye inda rana ke duka sosai. Saboda sauro, a jefa ƙananan kifaye biyu ko uku a ciki.