Me ya sa kuɗi ba ya kwana a aljihu a Dubai?

Dubai gari ne da aka gina a kan saye da sayarwa. Man fetur ɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na Abu Dhabi, shi ya sa mahukunta suka rungumi kasuwa. A 1996 suka ƙirƙiro bikin sayayya na shekara-shekara, a 2008 kuma aka buɗe katafaren kantin nan, Dubai Mall.

Ba a cire wa ma'aikaci harajin albashi, kuɗinsa cif yake karɓa. Harajin kaya na kashi 5 ma sai a 2018 ya shigo. Ga kuma zafi, wanda yakan haura digiri 40, har ya zama babu wurin shan iska sai kantuna masu na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya shiga don ya huta, da wuya ya fito hannu rabbana.

Amma a ganina babban dalilin shi ne baƙunta. Galibin mazauna garin baƙi ne, kuma inda ba a san gidanku ba, mota da agogo ne ke gabatar da kai. Da yawan wannan ƙyale-ƙyale bashi ne. Da tattalin arziki ya karye a 2009, wasu sun bar motocinsu a filin jirgi sun gudu, domin a lokacin bashi na iya kai mutum gidan yari.

'Yan kasuwarmu masu saro gwal ɗin lefe a unguwar Deira sukan dawo da labarin daula kawai. Leburorin da suka gina benayen Dubai kuwa a sansanoni suke kwana a bayan gari, suna tura ɗan abin da suka samu gida.